Karayar ƙafa da wani ciwo ya jawo: tambayoyin da ake yawan yi min kan saka kod

Na daɗe ina aiki a ɗakin rakod na wani asibiti a nan Jos, kuma duk shekara in ɗalibai sun zo mana aiti, wato koyon aiki, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, barin ma in aka miƙa musu foldar wanda ya karye. Na gaji da maimaitawa da baki shi yasa na zauna na tattara su wuri ɗaya. Ni ba likita bane, aikina in karanta abin da likita ya rubuta in mayar da shi lamba, dan haka wanda ƙafa ke damunsa ya je ya ga likita, wannan na masu saka kod ne da masu son sanin me ake rubutawa a kansu.

Oga wai meye bambancin karaya da karaya, ai ƙashi in ya karye ya karye?

A wajen mai ɗori haka ne, a wajenmu ba haka bane. Akwai ƙashi lafiyayye da aka karya da ƙarfi, mota ta bi ta kai ko bulo ya faɗo ko an yi maka keta a filin ƙwallo, wannan rauni ne, kod ɗinsa na farawa da S, na ƙasan ƙafa kuma S92. Sannan akwai ƙashin da wani ciwo ya riga ya cinye shi ta ciki kamar yadda gara ke cin azara, har ya kai abin da bai isa ya karya ƙashi ba ya karya shi. Wannan kod ɗinsa na farawa da M, babin cututtukan ƙashi da gaɓoɓi kenan, kuma a folda zaka ga likita ya rubuta "pathological" sai ya ɗan zana alamar # a gaba, dan ita ce alamar karaya a rubutunsu.

Akwai wata dattijuwa da aka taɓa kawo mana, ba zan manta ba, cikin sanyin Disamba ne. Saukowa kawai tayi daga keke a Taminus, ta taka ƙasa taji ƙas, shikenan ƙafa ta kumbura. Bata faɗi ba, babu wanda ya bugeta. A gida har an fara cewa ko taka wani abu tayi. Aka ɗau hoto sai ga ƙasusuwa biyu na tsakiyar ƙafa sun karye kuma ƙashin duk ya yi fayau. Toh ruwa baya tsami banza, sauka daga keke bata karya ƙashin mai lafiya. Tambayar farko da mai kod zai yi ita ce me ya karya shi, kafin ma ya tambayi wane ƙashi ne.

Wane littafi ma muke amfani da shi? Na ga kod ɗin kwamfuta ya fi na littafi tsawo.

Nan ne mafi yawan rikicin yake. Abu biyu ne masu kama da juna. Akwai ICD-10, kundin kod ɗin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990 ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994, shi ne littattafai ukun nan, na ɗaya jerin kod, na biyu dokoki, na uku fihirisa. Sai kuma ICD-10-CM wanda Amurka ta faɗaɗa dan kanta ta fara amfani da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, shi kod ɗinsa kan kai harafi bakwai. A wajenmu littafin hukumar ne a kan tebur amma manhajar da aka saka mana ta Amurka ce a cikinta, kuma in ka bincika a waya mafi yawanci na Amurkan zai fito maka.

A littafin hukumar, karayar ciwo M84.4 ce, sai ka ƙara lambar wuri, 7 ita ce idon sawu da ƙasan ƙafa, ya zama M84.47. Babu dama babu hagu. M84.5 da M84.6 kuwa babu su sam a ciki, na Amurka ne kaɗai ke da su, dan haka in ka rubuta M84.674A a fom ɗin da ke bin littafin hukumar kayi aikin banza. Kafin ka taɓa folda ka tambayi wanne ne asibitin da kamfanin inshorar suke karɓa, kuma kar ka gauraya su a fom ɗaya.

To a na Amurkan ya ake rabawa?

Gida huɗu ne kuma dalilin karayar ne ke nuna maka ƙofa. In zaizayar ƙashi ce, wato ciwon da ke siranta ƙashi ya rage masa ƙarfi, M80. In kansa ce ko wani ƙari, M84.5. In wani ciwo ne daban da likita ya ambata, M84.6. In likita ya ce karayar ciwo ce amma bai faɗi ciwon ba, M84.4. Na Amurkan da kansa ya hana a haɗa M84.4 da sauran ukun a kan karaya ɗaya.

Daga nan sai wuri. Ɗauki M84.67 misali, 1 idon sawun dama, 2 na hagu, 3 ba a faɗa ba, 4 ƙafar dama, 5 ƙafar hagu, 6 ba a faɗa ba. Kaga M84.674 ƙafar dama kenan, M84.675 ta hagu. Haka tsarin yake a M84.57. A M84.47 an ƙara yatsu, 7 na dama 8 na hagu 9 ba a faɗa ba, amma M84.57 da M84.67 basu da gurbin yatsa. Shi kuma M80 ya haɗe idon sawu da ƙafa wuri ɗaya, M80.071 dama, M80.072 hagu. Kar ka hardace su ka ce ka iya, ni kaina sai na buɗe fihirisa na nemo sannan na koma jerin na tabbatar, dan bayanan hani da na ƙari a can suke.

Malam an rubuta "ƙafa" kawai a takardar da aka turo mara lafiya da ita, wace ƙafa zan saka?

Wannan matsalar harshenmu ce kuma tana ba ni dariya. Bahaushe daga cinya har ɗan yatsa duk ƙafa yake cewa. Mutum zai ce na karye a ƙafa, ashe ƙwabri ne, wani kuma ƙashin cinya. Shi kuwa littafi ya raba, ƙugu da cinya 5, ƙwabri da gwiwa 6, idon sawu zuwa yatsu 7. Abin da muke magana a kai ɓangaren da ke shiga takalmi ne, ƙasusuwa 26, bakwai a baya har da dunduniya, biyar dogaye a tsakiya, goma sha huɗu a yatsu. In takarda bata fayyace ba ka duba bayanin likitan da ya duba shi a nan da rahoton hoto. Dama ko hagu ma haka, kar ka yi saurin zaɓar "ba a faɗa ba" dan kasala, kowa yasan mutum ƙafa biyu gare shi kuma wadda aka naɗe da filasta ba ɓoyayya bace.

Harafin ƙarshen nan A da D da sauransu fa? A ba zuwan farko bane?

A'a, kuma wannan kuskuren kusan kowane ɗalibi sai ya yi shi. Harafi na bakwai ne da ake sakawa a ƙarshen kod ɗin na Amurka. A na nufin ana kan ainihin maganin karayar, ko zuwa na nawa ne, ko likita na nawa ne ya ganshi. An ganshi a imajensi an saka filasta, A. Bayan kwana uku an shiga da shi tiyata an saka ƙarfe, har yanzu A. Sai an gama wannan ya dawo dubiya ƙashi na haɗewa daidai, ko an zo cire filasta, sannan ya koma D. G ƙashi na haɗewa amma da nawa, K ya ƙi haɗewa, P ya haɗe a karkace, S kuma larurar da karayar ta bari bayan ta warke.

Abu biyu da zaka kula. Na ɗaya B da ake sakawa in ƙashi ya fasa fata na S92 ne, babu shi a M80 da M84. Na biyu G da K da P likita ne ke faɗa, ba kai zaka ƙirga makonni ka yanke hukunci cewa ai ya kamata ya warke ba. A littafin hukumar babu waɗannan haruffa, a can kod ne masu zaman kansu, M84.0 haɗewa a karkace, M84.1 ƙin haɗewa, M84.2 jinkiri, zuwa cire filasta kuma Z47.8.

Tsohuwa ta zame a banɗaki ta karye, ai faɗuwa ce, me zai hana in saka S92?

Ya danganta da abin da aka sani game da ƙashinta. Dokar ICD-10-CM ta faɗa ƙarara, wanda aka san yana da zaizayar ƙashi in ya karye, ko da ɗan faɗuwa yayi, muddin faɗuwar ba irin wadda zata karya lafiyayyen ƙashi bace to M80 za a saka ba kod ɗin rauni ba. Amma kalmar "aka san" ɗin nan ita ce maganar. Tsufa ba shaida bane, shekara 70 ba kod bace. Sai likita ya rubuta zaizayar ƙashi. Akwai gwajin DEXA mai auna kaurin ƙashi wanda in maki ya kai -2.5 ko ƙasa da haka ake cewa akwai ciwon, amma ba kowa ke samun yinsa ba, da yawa likita daga hoto da tarihin mara lafiya yake yanke hukunci, kuma in ya rubuta ya wadatar da mu.

Ita dattijuwar keken nan ɗalibi ne ya fara taɓa foldarta ya buga mata S92.3, karayar dogayen ƙasusuwan tsakiya, dan ya ga kalmar keke ya ɗauka hatsari ne. Aka tura kamfanin inshora kuɗin filasta da hoto da magungunan ƙarfafa ƙashi, suka biya na filasta suka ƙi biyan magani, suka ce me ya haɗa wanda yayi hatsari da maganin zaizayar ƙashi. Kuma wallahi a wannan karon gaskiyarsu ce. Da na buɗe foldar a shafi na uku likita ya rubuta ciwon ɓaro-ɓaro, yaron shafin farko kawai ya karanta. Wata biyu ɗanta na zirga-zirga daga Unguwar Rogo, kullum ya zo taga ya ce min Baba ya ake ciki, kunya duk ta isheni.

M80.0 na zaizayar tsufa ne har da ta bayan ɗaukewar al'ada. M80.8 na sauran ne, ciki har da wadda magani ya jawo. Anan ne zan yi maganar "sha ka fashe", ƙwayoyin nan irin su dezametason da ake sha dan a yi ƙiba. In aka daɗe ana sha suna siranta ƙashi sosai, zaka ga mace 'yar shekara talatin da ƙashi kamar na kakarta. Sai dai dokar kod ta bambanta wanda likita ya rubuta masa ya sha daidai abin ya zame masa illa, da wanda ya saya a kemis yana ɗirka, dan haka sai an ga yadda likita ya bayyana kafin a zaɓi kod ɗin maganin a rukunin T38.0.

In karayar ta warke tuntuni, yanzu maganin zaizayar kawai ake, M81 ne tare da Z87.310 mai nuna an taɓa karyewa.

Masu ciwon suga fa? Na ga ana cewa ƙafar Shako.

Nan zan ɗan zauna dan shi muka fi gani. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, mutum sai ya daina jin zafi, ƙaya ta soke shi bai sani ba, ƙashi ya tsage yana ta takawa a kai zuwa kasuwa zuwa masallaci, tsagewa ta zama karaya, gaɓoɓi su goce, har tsakiyar tafin ƙafa ya rufto ya koma kamar gindin kwale-kwale. Ƙafar kan kumbura tayi ja tayi ɗumi amma shi ya ce ba ta masa ciwo sosai. Sunan ya samo asali daga wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, da ake furta sunansa Shako, wanda ya bayyana irin wannan lalacewar gaɓoɓi a 1868, lokacin ma a masu tunjere ya gani ba masu suga ba.

A ICD-10-CM in suga nau'i na biyu ne kod ɗin E11.610 ne, ya haɗa sugan da lalacewar gaɓar a guda ɗaya. Akwai M14.67 na ƙafar Shako amma wannan na wanda bashi da suga ne, littafi ya hana a saka shi ga mai suga, ɗalibai na yawan faɗawa nan. In likita ya rubuta akwai karaya kuma ya danganta ta da ciwon sai a ƙara M84.674 ko M84.675 da harafinta. In akwai gyambo a ƙafar E11.621 tare da kod ɗin L97 mai nuna inda gyambon yake da zurfinsa, in yana allurar insulin Z79.4. Kaga mutum ɗaya ƙafa ɗaya kod huɗu ko biyar, kuma duk suna da amfani.

Wani ɗan bambanci, in likita ya rubuta suga kawai bai faɗi nau'i ba, na Amurka ya ce a ɗauka E11 ne, littafin hukumar kuma yana da E14 na wanda ba a fayyace ba.

Amma kar ka ga suga a folda ka ga karaya ka haɗa su aure da kanka. Mai suga ma mota na iya take masa ƙafa a Bauchi Road, wannan S92 ne, sugan ya biyo baya a matsayin ciwon da yake tare da shi.

Waɗanne cututtuka ne kuma ke shiga M84.6?

Duk wanda ya raunana ƙashi kuma ba zaizaya bane ba ƙari ba. Ƙwayar cuta da ta shiga ƙashi ta daɗe tana ruɓar da shi, M86, wannan muna ganinsa a masu gyambon suga da kuma masu sikila, D57, su da jini kan toshe a ƙashinsu ga kuma saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Tibin ƙashi, A18.0. Ciwon ƙoda da ya daɗe ya taɓa ƙashi, N25.0, masu zuwa wankin ƙoda kenan. Laushin ƙashi na manya, M83. Ciwon gado da yaro ke karyewa da ɗan abu kaɗan, Q78.0, wanda har a zargi uwa da sakaci alhali ba laifinta bane.

Sai ciwon da ke gwame ƙafar yara, E55.0. Wannan mu 'yan Jos muna da labari a kansa, dan a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos aka yi binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, wanda ya nuna yaran nan abin da suka fi rasawa sinadarin kalsiyam ne a abinci, ba hasken rana ba kamar yadda aka sani a Turai. Ranar da na fara jin haka na ce to dama ina mu ina rashin rana.

A ƙarƙashin M84.6 an rubuta a saka kod ɗin ciwon da ya jawo shi ma. Kod ɗin karaya shi kaɗai rabin labari ne, ya ce wani ciwo ne bai ce wanne ba.

In kansa ce wanne zai zo farko?

Abin da aka zo yi wa magani. In karayar aka zo gyarawa M84.57 a gaba kansar a baya, in kansar ake wa magani ita a gaba. In daga wani wuri ta bazu zuwa ƙashi C79.51 sannan kod ɗin inda ta faro, nono ko furostat ɗin maza da ke ƙarƙashin mafitsara ko huhu ko ƙoda. A littafin hukumar kod ɗin kansar ke ɗaukar alamar wuƙa † sai M90.7 mai tauraro * ya bi shi, kuma mai tauraro baya tsayawa shi kaɗai. Gaskiya kansa bata cika sauka ƙasan gwiwa ba, ta fi son ƙashin baya da ƙugu da cinya, dan haka ba kullum zaka gani ba.

Wani soja daga Rukuba ya zo da tsagewar ƙashi bai faɗi ba bai bugu ba, ita ma ta ciwo ce?

Kama da wane bata wane. Wannan tsagewar gajiya ce, ƙashin lafiyarsa ƙalau aiki ne yayi masa yawa, fareti da gudu da doguwar tafiya da kaya, kuma ta fi kama dogon ƙashi na biyu ko na uku a tsakiyar ƙafa. 'Yan ƙwallo da masu tsere ma suna samu. M84.3 ne, a na Amurka M84.374 dama M84.375 hagu. A karayar ciwo ƙashi ne mara ƙarfi da nauyi na yau da kullum, nan ƙashi mai ƙarfi ne da nauyin da ya wuce kima.

Sai da suka yi wata biyu wajen mai ɗori sannan suka zo, A zan saka ko D?

Wannan kam abincinmu ne na kullum. Mutanenmu in aka karye mai ɗori ne farko, a ja a ɗaure da karare a shafa magani, kuma ban zo zagin kowa ba, akwai waɗanda suka gada kuma mutane sun yarda da su. Amma karayar ciwo ko an ɗaure ta da kyau ciwon na nan yana ci, ga mai suga kuma ɗaurin da aka matse na iya zame masa gyambo bai ma ji ba.

A babin rauni doka ta faɗa a fili cewa wanda yayi jinkirin zuwa neman magani A ake saka masa. A babin karayar ciwo ma'aunin shi ne ana kan ainihin magani ko an gama, tunda yanzu za a fara gyara a saka filasta ko a yi tiyata, ni A nake sakawa. D na wanda aka riga aka yi wa magani yana warkewa ne. Inda ake gardama shi ne in ya zo ƙashi ya riga ya haɗe a karkace likita ya rubuta haka, nan ku zauna da shugaban sashe ku tsayar da abu ɗaya kowa ya bi, kar yau wannan ya saka A gobe wancan ya saka P a irin folda ɗaya.

Likita ya saka alamar tambaya a gaban ciwon, ko rubutun ma baya karantuwa, ya zan yi?

Ka tashi ka je ka tambaya. Na san nauyi ake ji, ɗalibi ya tunkari kwansaltan ba sauƙi, amma ba sai kayi dogon turanci ba. Ni 'yar takarda nake liƙawa a bangon folda, ko in tare shi bayan zagayen wod in ce ranka ya daɗe, karayar Mama ta gado na shida, ta faɗuwa ce ko akwai ciwon da ya jawo, kuma dama ce ko hagu. Tambayar kar ta zama kana saka masa magana a baki, kar ka ce ai zaizayar ƙashi ce ko, ka bari ya faɗa da kansa ya rubuta ya sa hannu da kwanan wata. Amsar baki a baranda bata shiga kod.

Game da alamar tambaya, dokar ICD-10-CM ta raba. Wanda aka gani a kilinik ya tafi gida ba a saka masa kod ɗin ciwon da ake zato, sai abin da aka tabbatar. Wanda aka kwantar kuma har ranar sallama likita na cewa mai yiwuwa kaza ne, ana saka shi kamar an tabbatar. Rahoton mai hoto na taimakawa wajen sanin wane ƙashi ne, amma ciwon sai likitan da ke duba mara lafiyan ya rubuta.

Ni ba ma'aikaciya bace, mahaifiyata ce ta karye, wannan lambar ta shafe mu?

Ta shafe ku Hajiya. Tun da aka sa hannu a dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, a 2022 aka mayar da inshorar lafiya dole, ga kuma PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, a nan Filato, harkar biyan kuɗin asibiti sai ƙara komawa kan takarda take, kuma mai biya baya ganin ƙafar Mama, lambar yake gani. Bayan kuɗi ma, likitan da zai ganta baɗi in ya ga M80 yasan ƙashinta na buƙatar kulawa kar na gaba ya zama ƙugu. Abin da zaki iya yi shi ne ki faɗa wa likita gaskiyar yadda abin ya faru, in bata faɗi ba ki ce bata faɗi ba, ki kawo duk magungunan da take sha a leda har na gargajiya da na kemis, ki faɗi in tana da suga ko ciwon ƙoda ko an taɓa mata aikin kansa.

ICD-11 fa, ba an ce ya fito ba, me yasa muke wahala da tsohon?

Ya fito, an amince da shi a 2019 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, amma kowace ƙasa da lokacin da zata koma kansa, Amurka ma har yanzu ICD-10-CM take amfani da shi. Shi an gina shi ne dan kwamfuta, kana ɗaukar kod ɗin karaya ka jona masa wasu ƙananan kod masu farawa da X da ke nuna dama ko hagu da wane ƙashi, ka kuma jona ciwon da ya jawo. Na ɗan taɓa shi a waya, binciken ciki yafi sauƙi ba laifi. Mu dai a ɗakinmu har yau littattafai ukun nan ne a kan tebur, na ukun bangonsa ya cire an naɗe shi da selotef, shafin da karaya take har yayi baƙi dan yatsu, kuma in aka ɗauke wuta shi muke ja.